Ba Rashin Bitamin Ke Kashe Kaji a Bazara Ba

Da zarar bazara ta kama, magana ɗaya ke yawo a bakin masu kiwon kajin nama, daga Umdurman har Kano da Maraɗi: a zuba musu bitamin a ruwa, zafi ba zai yi musu komai ba. Mai shagon maganin dabbobi zai faɗa, maƙwabcin da ya riga ka fara kiwo zai maimaita. Idan kuwa ka yi asara, tambayar farko da za a yi maka bayan jaje ita ce wane bitamin ka ba su, kuma na gaske ne ko jabu. Masu wannan magana ba jahilai ba ne, ba kuma macuta ba. Da yawansu sun daɗe cikin sana'ar, sun ga ranar da suka ba da maganin kaji suka farfaɗo, kuma akwai ilimi na gaske a bayan abin da suke faɗa. Duk da haka, ina ganin an ɗora wa ƙunshin bitamin nauyin da ba zai iya ɗauka ba, kuma wannan ɗorawar tana cin kajin mutane da jarinsu kowace shekara.

Khartum ce wurin da ya fi dacewa a auna maganar. Garuruwa uku ne suka haɗu a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu, wato Khartum da Umdurman da Bahri, kuma wurin yana cikin manyan biranen da suka fi zafi a duniya. A watannin Mayu da Yuni zafin rana yakan tsaya wajen digiri 41 zuwa 42 a ma'aunin Selsiyos, wasu ranakun ya kai 45, ga guguwar ƙurar nan da suke kira habub mai rufe gari. Ƙasar Sudan ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bar 'yan'uwanmu da yawa a can, tun kafin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu a farkon ƙarnin da ya wuce. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, mafi yawan kajin kasuwa na Sudan a jihar Khartum ake kiwonsu. A lokacin akwai manyan kamfanoni masu rufaffun ɗakuna da fankoki, akwai kuma ƙananan masu kiwo a gefen Umdurman da gabashin Nilu da hanyar Jabal Auliya, masu rumfunan kwano da raga. 'Yan tsakin iri ɗaya ne, Ross ko Cobb ko Hubbard, irin waɗanda muke saye a Najeriya da Nijar. Abincin ma bai sha bamban sosai ba. Ɗakin da aka zuba kajin a ciki shi ne babban abin da ya raba su idan zafi ya yi zafi.

A shiga rumfar kwano da misalin ƙarfe uku na rana, kaji suna mako na biyar. Abin da za ka fara ji shi ne haki. Kowace kaza ta buɗe baki, maƙogwaronta na rawa, ta saki fukafukai nesa da jiki, ta kwanta ta danna ƙirji a ƙasa tana neman sanyin da babu. Wasu sun taru a jikin raga, wasu sun kewaye mazubin ruwa ba su sha, mazubin abinci kuwa ba mai kallonsa. Da la'asar sakaliya a fara tsintar gawa, kuma abin baƙin ciki, manyan ne ke fara tafiya, waɗanda suka fi ƙiba, waɗanda mai kiwo ya riga ya yi musu kuɗi a zuciyarsa.

Dalilin a fili yake. Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta na lafiya kusan digiri 41 ne, kuma babbar kazar nama ta fi jin daɗin ɗakin da bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. Zafin da jikinta ke haifarwa dole ya fita zuwa iskar da ke kewaye da ita, kuma ba zai fita ba sai iskar ta fi jikin sanyi. Idan ɗaki ya kai digiri 40, wannan ƙofar ta kusa rufewa, saura haki kawai, wato fitar da zafi ta tururin numfashi. Hakin ma aiki ne mai ƙara zafi, kuma yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima har ma'aunin jinin ya karkace. Idan zafin cikin jiki ya hau digiri huɗu ko biyar kan na lafiya, zuciya ta gaza. Ga shi kuma kazar yau ba ta da ba ce. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin 1957 da na 2005 a wuri ɗaya da abinci ɗaya, suka buga sakamakon a 2014: a kwana 56 ta 1957 ba ta cika kilo ɗaya ba, ta 2005 ta haura kilo huɗu. Jikin da ke girma da wannan sauri zafi mai yawa yake haifarwa. Kaza mai kilo biyu tana fitar da zafin da ya haura watt goma, kaji dubu ke nan sun haura kilowatt goma, dare da rana, a ƙarƙashin kwanon da shi ma yake zubo nasa daga sama. Babu ƙwayar magani da ke ɗauke zafi daga ɗaki. Iska ce ke ɗauke shi, sai ruwa.

To ina gaskiyar masu bitamin? Tana nan, kuma bai kamata a tauye ta ba. Idan kaza ta daɗe cikin zafi, jini yakan karkata zuwa fata da tukku da ƙafafu, hanji ya rasa rabonsa, bangonsa ya yi rauni. A cikin ƙwayoyin jiki kuma wasu burbushin iskar oksijin masu ɓarna suna ƙaruwa, suna lalata kitse da naman jiki, garkuwar jiki ta ragu. Bitamin C da bitamin E da sinadarin seleniyam, waɗanda masana ke kira antioksidan, aikinsu shi ne tare wannan ɓarna. Kaza tana haɗa bitamin C da kanta a ƙodarta, amma a lokacin tsananin zafi abin da take haɗawa yana iya gazawa, shi ya sa ƙari yake da amfani. An yi gwaje-gwaje masu yawa a duniya, galibi da miligiram 200 zuwa 250 na bitamin C a kowane kilo na abinci, kuma da dama daga cikinsu sun nuna kajin sun ɗan fi ci, sun ɗan fi nauyi, sun fi jure ciwo. Wasu gwaje-gwajen kuma ba su ga bambancin kirki ba.

Sai dai a duba yadda ake irin wannan gwaji. Yawanci kaji kaɗan ne a keji mai fili, a ɗakin da aka tsayar da zafinsa wajen digiri 32 zuwa 35, ruwa mai tsabta ba ya yankewa. Abin da ake aunawa shi ne ƙarin 'yan giram a nauyi da wasu alamu a jini. Tambayar da masanin ya yi ita ce ko bitamin zai rage wahalar kazar da za ta rayu. Tambayar mai rumfa a Umdurman ko a Kano daban ce: ko kajinsa za su kai magariba. An ɗauki amsar tambaya ta farko an ba mai tambaya ta biyu, kuma a nan gizo ke saƙar.

Akwai kuma abin da ke faruwa da bitamin ɗin kansa kafin ya isa bakin kaza. Mai kiwo ta zo shago ta ce, "Malam, kajin nan sai haki suke, jiya na kwashe shida." Ya miƙo ƙunshi ya ce, "Hajiya, cokali ɗaya a jarka, safe da yamma, in sha Allahu za su warware." Ta koma gida ta kaɗa a tanki. Tankin baƙar roba ne a kan gini cikin rana, tiyon da ya sauko daga shi ya bi ta jikin kwano. Bitamin C kuwa ba ya jure zafi, ba ya jure haske, kuma tsatsar ƙarfe a ruwa tana hanzarta lalacewarsa; cikin 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya ragu. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, bitamin ɗin da kulorin suna kashe juna, sai a rasa maganin a kuma rasa tsabtar ruwan. Sukarin da ke cikin yawancin ƙunsoshin nan kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta, shi ne santsin da za ka ji idan ka zura yatsa a mazubin da ya kwana biyu ba a wanke ba. Mafi muni, ruwan da kansa ya yi zafi. Littafin jagorar kiwon kajin Ross ya nuna cewa ruwan da ya fi dacewa shi ne mai digiri 18 zuwa 21, idan ya haura 30 kaji suna rage sha, idan ya kai 44 sai su ƙi shi gaba ɗaya. Wannan kuwa a daidai lokacin da buƙatarsu ta ruwa take ƙaruwa da kusan kashi shida da rabi cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya haura 21. Duk wanda ya taɓa buɗe famfon tankin sama da azahar a Khartum ko Sakkwato ya san ruwan yana iya ƙona hannu.

Na yi imani yawancin shaidar da ake bayarwa cewa bitamin ya ceci kaji daga nan take fitowa. Ranar da mai kiwo ya firgita ya sayo magani, ranar ce yake zubar da tsohon ruwa, ya wanke mazubai, ya ɗebo sabo mai sanyi, wani lokaci har da ƙanƙara, ya ɗage labule, ya yini a cikin ɗakin yana tada kajin suna sha. Kajin sun farfaɗo da gaske, idonsa bai yi masa ƙarya ba. Amma abubuwa da yawa ya yi a rana ɗaya, ya ba wa guda ɗaya lada, wanda ya biya kuɗi a kansa.

Bitamin E da seleniyam nasu lissafin daban ne. Bitamin E a kitsen jiki yake taruwa a hankali, don haka sai an riga zafi ba da shi a cikin abinci kafin ya yi aiki. Wanda aka zuba bayan kaza ta fara haki ya makara. Kuma abincin kaji a Sudan, wanda ake haɗawa da dawa da tunkuzar gyaɗa da ta riɗi da dusar alkama, an saba ƙara masa kashi biyar cikin ɗari na haɗin da ake shigowa da shi daga waje, wanda tuni yana ɗauke da waɗannan sinadarai. Haka buhunan abincin kamfani da muke saye a Kano. Seleniyam kuwa tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ba ta da faɗi, shi ya sa Amurka ta ƙayyade ƙarinsa a miligiram 0.3 a kilon abinci. Mai haɗa ƙunshi uku ko huɗu a tanki ɗaya don ya ƙara ƙarfi bai san adadin da yake ɗura wa kajinsa ba.

Abin da ya sa kiwon kaji ya yiwu a Khartum tun farko shi ne busasshiyar iskarta. A Afrilu da Mayu laimar iska tana yin ƙasa ƙwarai, kuma busasshiyar iska idan ta ratsa abu mai jiƙa takan yi sanyi. Mutanen Sudan sun san wannan tun kaka da kakanni: randunan da suke kira zir, waɗanda ake jerawa a bakin titi sadaka ga masu wucewa, ruwansu yana sanyi ne saboda yumɓun yana tsatsafo da danshi iska tana busar da shi, daidai da randar tsakar gidanmu. Manyan gonaki wannan hikimar suka faɗaɗa. A gefe ɗaya na ɗaki akwai bangon takarda mai ramuka da ruwa ke bi ta cikinsa, a ɗaya gefen manyan fankoki suna zuƙo iska, sai zafin ciki ya sauka da digiri goma ko fiye, ga iska tana gudu a kan bayan kaji. Idan damina ta shigo a Yuli da Agusta laima ta ƙaru, dabarar takan rage ƙarfi, sai a dogara da gudun iska. Mu ma Maris da Afrilunmu busassu ne, kuma abin takaici ne yadda ba mu cin moriyar wannan.

Raunin dabarar manyan gonakin ɗaya ne: wutar lantarki. Ko bayan buɗe madatsar ruwa ta Marawi a 2009, ɗauke wuta a bazara abu ne da mutanen Khartum suka saba da shi, kuma rufaffen ɗaki cike da manyan kaji, idan fankoki suka tsaya da rana tsaka ba janareta, ba ya buƙatar sa'o'i masu yawa kafin ya zama kabari. Da yaƙi ya zo tsakanin sojoji da dakarun RSF, wuta da ruwa da man dizal da hanyoyin kawo abinci duk suka yanke, gonaki da yawa suka tsaya, wasu aka wawashe su. A 2025 ma jiragen yaƙi marasa matuƙi sun kai hari kan tashar Marawi da tashoshin wuta na Umdurman, gari ya shiga duhu. Asarar rayukan mutane da gidajensu ta fi ƙarfin a haɗa ta da maganar kaji, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya. Na kawo zancen ne saboda waɗanda suka fara komawa tun bayan da sojoji suka karɓe birnin a Maris ɗin 2025 suna sake gina sana'a da ɗan abin da ya rage a hannunsu, kuma inda za su fara sa wannan ɗan kuɗin yana da muhimmanci. Halin da suke ciki bai yi nisa da na mai kiwo a Zariya ko Katsina da ba ya ganin wuta sai jefi-jefi ba.

Za a ce da ni, wannan duk zancen masu kuɗi ne, talaka ƙunshin bitamin kawai yake iya saye. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a wurin masu ra'ayin, kuma ina girmama ta. Amma yawancin abin da ke ceton kaji a rumfa ba ya buƙatar wuta. Kwano a shimfiɗa masa ciyawa ko zana ko karan dawa a sama, ko a shafe shi da farin fenti. Mai sabon gini ya miƙar da tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma don kada rana ta shigo ta gefe, ya ɗaga rufin, ya bar raga ta sha iska, kada katanga ta toshe ta. Tanki a yi masa rumfa ko a naɗe shi da buhun algarara mai jiƙa, tiyo a binne shi a ƙasa, kuma da azahar a zubar da ruwan da ya kwanta a ciki kafin a bar kaji su sha. Sai adadi, wanda shi ne mafi ɗaci. Jagorar Ross ta ce a buɗaɗɗen ɗaki a lokacin da ya fi zafi kada nauyin kaji ya wuce kilo 16 zuwa 18 a kowace murabba'in mita, wato kaji takwas ko tara masu kilo biyu. Mutum yana da ɗakin kaji ɗari uku, ya zuba ɗari biyar don riba ta yi kauri, sannan ya sayo bitamin don ya cike giɓin. An bar jaki ana dukan taiki.

Lokacin ba da abinci ma kyauta ne. Narkar da abinci yana haifar da zafi a jikin kaza, kuma zafin yana kai ƙololuwa sa'o'i bayan ci. Kazar da ta cika ciki da hantsi, zafin cikinta da na rana za su haɗu mata da azahar. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a ɗage mazuban abinci kamar sa'o'i shida kafin tsananin zafi, a mayar da su da yamma, a kunna fitila da dare da asuba su ci su ƙoshi. Fitilar sola ɗaya ta isa wannan. Ruwa kuwa ba a ɗage shi ko na minti ɗaya.

Akwai masu cewa a bar na kanti a koma na gargajiya: zoɓo, wanda Sudan ta shahara da shi da sunan karkade, da habbatus sauda da hulba da zogale da garin 'ya'yan kuka. Malamai da ɗalibai a Shambat, inda tsangayoyin noma da dabbobi na Jami'ar Khartum suke, da na Kuku a ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, sun gwada irin waɗannan a abincin kajin nama, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, don ƙasa mai ƙarancin kuɗin waje dole ta nemi abin da ke gonarta. Sakamakon dai gauraye ne, wani ya ɗan taimaka, wani idan ya yi yawa ya rage ci. Ko da sun yi aiki, aikin bitamin suke yi, iyakarsu kuma iyakarsa ce.

Abubuwa biyu nake tsoro game da dogaro da ƙunshi. Na farko, da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan maganin gajiya haɗe yake da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su oksitetrasaikilin. Zafi ba ƙwayar cuta ba ce. Ana ɗura wa kaji lafiyayyu magani har ranar yanka, ragowarsa ta shiga tukunyar mutane, ƙwayoyin cuta kuma su saba da shi. A karanta bayan ƙunshi kafin a biya. Na biyu, yana ɗauke hankali daga buhun abinci. Tunkuzar gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi suna tara gubar aflatoksin, wadda duniya ta gano bayan ta hallaka talo-talo kusan dubu ɗari a Ingila a 1960 ta hanyar tunkuzar gyaɗa. Tana lalata hanta, tana karya garkuwa, kuma kazar da hantarta ta taɓu ita ce zafi ke fara kayarwa. Man da ya yi ɗoyi a cikin abinci shi ma yana cinye bitamin E tun a buhu.

Ban ce a jefar da bitamin ba. Wanda ya gyara rufi da ruwa da adadi, ya ba da shi a kan ƙa'ida zai ga amfaninsa: bitamin E da seleniyam a cikin abinci mai kyau tun kafin zafi ya shigo, bitamin C da gishirin jiki irin su bikabonet a ruwa mai sanyi da sassafe, a kaɗa daidai wanda za su shanye cikin 'yan sa'o'i, a wanke mazubi a zuba farin ruwa, kuma a bi awon da likitan dabbobi ya faɗa. Haka nan ranar da za a ɗauke su zuwa kasuwa ko bayan rigakafi.

Akwai kuma lissafin kalanda, wanda ake yi tun kafin a sayi ɗan tsako. Ɗan tsako a makon farko zafin digiri 32 zuwa 35 yake so, bazara ba ta dame shi ba. Daga mako na huɗu ne hatsarin yake farawa. A 'yan shekarun nan bukukuwan Sallah biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, kuma mai zuba kaji don kasuwar Sallah yana kai su nauyin yanka a daidai makonnin da suka fi zafi. Wanda ba shi da fanka, ya ƙirga kwana 28 daga ranar da zai karɓi 'yan tsaki ya ga a wane wata za su faɗa. Idan tsakiyar Afrilu ce a Kano ko Mayu a Umdurman, ya rage adadin da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma shirya da mai saye tun da wuri a kwashe su suna kilo ɗaya da rabi, kada ya jira su kai biyu da rabi.